Ja, Fari da Mai Zaƙi: Yadda Ake Haɗa Ruwan Inabi na Biki a Gida Ba Tare da Ya Juye Ba

Duk lokacin da kakar biki ta kama a Kano sai saƙonni su yi ta shigowa a kan abu ɗaya: ruwan inabi marar barasa da ake haɗawa a gida. Wata ta ce nata ya fito kamar ruwan sukari, ba armashi. Wata ta ce fari ta yi niyya, kafin baƙi su zo ya koma kalar ƙasa. Wadda ta fi tayar min da hankali ita ce mai cewa ta buɗe kwalba bayan kwana biyu ta ji ta yi "fus", tana tambaya ko za a iya sha. Amsar wannan ta ƙarshen a'a ce, kuma za mu zo kanta.

Rabon abin shan inabi gida uku, ja da fari da mai zaƙi, daga masu yin giyar inabi na Turai aka samo shi. Mu giya haramun ce a gare mu, kuma doka ta hana ta a Kano. Sai dai abin da ya bambanta ukun nan ba barasa ba ce. Launin ja da baurinsa daga ɓawon inabi suke fitowa, domin ruwan cikin yawancin inabi, ko da baƙi ne, fari ne tas. Farin kuwa tsami ne ke riƙe da shi, saboda an raba shi da ɓawo tun farko. Mai zaƙin an rage masa ruwa ne sukarinsa ya taru: a Italiya shanya inabin suke yi, a Kanada da Jamus bari suke ya daskare a kan reshe kafin su matse. Duk waɗannan halaye uku ana samunsu a tukunyar gida. Aikinki biyu ne: ki fito da halin kowanne, sannan ki hana shi juyewa, wato komawa barasa.

1. Fara da abincin da za a ci

Kafin ki taka kasuwa, ki san me za a ɗora a faranti, don shi zai gaya miki wanda za ki haɗa.

Ja yana da nauyi a baki, kuma yana barin bauri a harshe irin wanda goro ke bari. Baurin nan shi ke wanke maiƙo, shi ya sa ya dace da balangu, tsire, dambun nama, farfesun kayan ciki da naman rago. Fari marar nauyi ne, mai tsami da sanyi, abokin kifi ne da kaza da soyayyar shinkafa da sinasir da masa. Mai zaƙi ba na kashe ƙishirwa ba ne. Ɗan kurɓi ne a ƙarshe, da soyayyar gyaɗa ko cincin marar sukari sosai.

Idan kuɗinki na iri ɗaya ne kacal, ki yi ja. Ya fi yafiya ga mai koyo, kuma launinsa kaɗai yana ƙawata tebur.

Gargaɗi: bauri yana ƙara wa barkono zafi, zaƙi kuma yana kwantar da shi. In dai tsiren naki ya sha yaji sosai, ki rage wa jan bauri, ki bar masa zaƙinsa.

2. Kasuwa da lissafi

Inabi a Kasuwar 'Yan Lemo da ke Na'ibawa, kan titin Zariya, za ki same shi da sauƙi fiye da wajen masu tebur na bakin titi, musamman in kwali za ki ɗauka. Yawancin wanda ke cikin 'yar roba mai murfi daga Afirka ta Kudu ko Masar ake shigo da shi, kuma nauyin roba ɗaya yawanci rabin kilo ne. Akwai kuma na gida da ake nomawa a yankin Kudan ta jihar Kaduna. In kakarsa ta zo ki tambaya, don bai sha doguwar tafiya ba. Zoɓo, kirfa, kanumfari, citta da zabibi kuwa Kasuwar Rimi ko Kurmi.

Wajen zaɓe, kara za ki fara dubawa. In kore ne mai laushi, inabin sabo ne. In ya bushe ya yi baƙi, kuma 'ya'yan na zubewa da kin ɗaga, ya kwana biyu. Farar ƙurar da kike gani a jikin ɓawo ba datti ba ce, halittarsa ce. Ki juya robar ki kalli gindinta: in akwai ruwa a kwance ko wari mai tsami, ki ajiye, wannan ya fara lalacewa tun a kasuwa.

Don ja, ki nemi baƙin inabi, mai duhu sosai. Manyan jajayen nan masu ƙwallo suna da kyan gani amma launinsu a tukunya kodadde ne. Don fari, kore, kuma wanda bai nuna lugub ba ya fi, saboda tsaminsa kike nema.

Ga lissafin da zai hana ki asara. Kilo 1 na inabi, in da hannu aka matse, yana ba da abin da bai wuce kashi biyu cikin uku na lita ba. Kenan lita 1 na son kusan kilo ɗaya da rabi, roba uku. Kwalba mai santilita 75 tana cika ƙananan kofuna shida. Baƙi 50, kowa kofi ɗaya, lita 6 ne da ɗoriya. Amma da yake ruwan inabi zalla ya cika zaƙi, ana sirka kashi biyu nasa da kashi ɗaya na ruwa, don haka lita 4 da ɗan ɗoriya na zalla ya isa, wato kilo 6 zuwa 7. Ki tambayi farashin roba a ranar, ki ninka sau 13 ko 14, kin san inda kika tsaya. Inabin shi ne kusan duk kuɗin. Sauran kayan ba su taka kara sun karya ba, sai gas da ƙanƙara.

Gargaɗi: kada arahar "na zube" ta ja ki. Fasasshen inabi ya riga ya fara tsami, kuma shi ke jawo juyewa da wuri.

3. Kayan aiki

Tukunya mai faɗi ta ƙarfen da ba ya tsatsa, muciya sabuwa ko wadda ba ta taɓa miya ba, rariya, farin ƙyalle mai laushi na tata, mazurari, babbar roba mai murfi, da kwalaben gilashi masu murfin murɗawa. In kina da ma'aunin zafi na girki, ya yi. In babu, zan faɗi alamun da ido ke gani.

Gargaɗi: tukunyar alminiyam da tsamin inabi ko zoɓo ba sa shiri. Launi zai dushe, ɗanɗanon ƙarfe ya shiga. Muciyar da ta tuƙa miyar kuka kuma, ko sau nawa aka wanke ta, sai an ji daddawa a kofi.

Batun kwalba: kwalbar lemon inabin kanti marar giya da aka shanye ta fi dacewa. Kwalbar Bama ma tana yi in kin jiƙa murfin a ruwan zafi da sabulu har warin ya fita. Kwalbar da ta taɓa ɗaukar giya kada ta shigo miki gida ko kyauta ce. Robobin ruwa na tsintuwa kuma ba sa jure zafi, kuma ba ki san bakin da ya sha ba.

4. Wanki da tsinkewa

Ki tsinke 'ya'yan daga kara ɗaya bayan ɗaya, ki zubar da duk wanda ya fashe ko ya yi fumfuna. Kara yana da ɗaci, ko guntunsa kada ya shiga. Ki jiƙa minti goma a ruwa mai ɗan gishiri ko cokali biyu na khal, ki ɗauraye sau biyu da ruwa mai kyau, ki baza a rariya ya tsane.

Wanki yana rage yis ɗin da ke manne a ɓawo, amma ba ya gamawa da shi. Wannan yis ɗin, ɗan'uwan wanda ke tayar da ƙullun fanke, shi ne ke cinye sukari ya mai da shi barasa da iska. A zafin Kano na watan Maris zuwa Mayu, lokacin da ake haura digiri 40, yini ɗaya ya ishe shi ya fara aiki. Don haka daga lokacin da kika fasa inabi, agogo ya fara bugawa: ko wuta, ko firij, babu ajiyewa a kan kanta.

5. Haɗa ja

A nan ne aikin yake, kuma a nan aka fi kuskure.

Ki zuba inabin a tukunya ki murtsuke da hannu mai tsabta ko gindin kofi har kowanne ya fashe. Ki ƙara kofi ɗaya na ruwa a kowane kilo. Ki ɗora a wuta kaɗan-kaɗan, kina juyawa. Bayan kamar minti goma za ki ga ɓawon ya saki, ya kode, ruwan kuma ya tashi daga ruwan hoda ya koma ja mai duhu. Ƙamshin ma zai canja, daga na ɗanyen ɗan itace zuwa wani mai zurfi. Ki bar shi minti biyar a haka, ki kashe wuta, ki rufe.

Yanzu zaman da ɓawo zai yi a cikin ruwan zafin shi zai yanke halin abin shanki. Minti 20 zai ba ki ja marar nauyi mai daɗin sha da rana. Awa ɗaya zai ba ki mai duhu da bauri, na cin nama. Ni awa ɗaya nake so, amma ki riƙa ɗanɗanawa duk bayan kwata, harshenki ne alƙali.

Gargaɗi: kada ki sa a bilanda. Tana farfasa ƙwallayen ciki, su kuma ɗaci ne tsantsa da sukari ba ya rufewa. Ko marar ƙwallo ne, bilanda tana mai da shi kunu, ba zai taɓa washewa ba.

Gargaɗi na biyu: kada ya yi ta ɓararraka. Tafasa mai ƙarfi tana korar ƙamshi, ki ƙare da ɗanɗanon alawa.

Inabin da muke samu a kasuwa na ci ne, ɓawonsa siriri, don haka sau da yawa jan yana fitowa da zaƙi amma ba ƙashin baya. Abu biyu ke gyara shi. Na farko zoɓo: ɗan dintsi ɗaya, wankakke, a kowane kilo biyu, a jefa lokacin da aka kashe wuta. Yana kawo tsami da launi. In ya wuce haka kin yi zoɓo ne mai tsada, inabin ya ɓace. Na biyu ganyen shayi: ƙulli ɗaya a kowace lita, minti uku kacal, ki cire ba tare da kin matse ba. Shi ke ba da baurin da ake nema. Kanumfari ƙwaya biyu da ɗan sandan kirfa suna ƙara masa zurfi, amma ki tuna ba kunun gyaɗa kike yi ba, ƙamshin ya tsaya a baya.

Sai tata. Ki shimfiɗa ƙyalle a rariya, ki juye, ki bar shi ya ɗiga da kansa. In kin matse da ƙarfi za ki ƙara yawa amma zai yi duhu-duhu kamar ruwan gulbi. Dabarar ita ce ki ware wanda ya ɗiga da kansa don baƙi, na matsi kuma yara su sha a ranar.

In ya huce, ki sa a firij ya kwana. Da safe za ki tarar da guggubi a ƙasa, wani lokaci har da 'yan ƙanana masu ƙyalli kamar yashi. Ba gilashi ba ne, gishirin tsamin inabi ne da sanyi ke fitarwa. Ki tsiyaye na sama a hankali ki bar su.

Gargaɗi: zoɓo yana sauke hawan jini. In akwai mai juna biyu ko mai shan maganin hawan jini a cikin baƙi, ki faɗa musu akwai zoɓo a ciki, ko ki ware wani marar shi.

6. Haɗa fari

Fari akasin ja ne ta kowace fuska: a sanyi ake yinsa, da sauri, kuma ba a barin ɓawo ya zauna.

Ki sa koren inabin a firij ya yi sanyi tukuna. Kafin ki fasa ko ɗaya, ki matse lemon tsami a gindin robar da ruwan zai zuba, lemo ɗaya a kowane kilo. Sannan ki ƙulle inabin a ƙyalle kaɗan-kaɗan, ki murtsuke, ki matse kai tsaye a kan lemon.

Dalilin sa lemon a farko shi ne iska. Da zarar ruwan inabi ya haɗu da iska yake fara rinewa, yadda yankakkiyar tuffa ke yi, kuma tsamin lemo ne ke rage wannan. Wadda ta ce nata ya koma kalar ƙasa, a ƙarshe ta sa lemon, ko kuma ta tsaya amsa waya.

Ki rufe, ki sa a firij awa huɗu zuwa shida ya kwanta, ki tsiyaye. In ya yi miki salam, koriyar tuffa ɗaya a gurza a matse a ciki tana farkar da shi. Yankan ɗanyar citta ɗaya siriri ko ganyen na'a-na'a biyar sun isa lita guda, kuma a cire su bayan rabin awa.

Gargaɗi: in kina son mai kumfa irin na kanti, ruwan soda ake zubawa a jug lokacin da za a sha. Kada ki taɓa barin sa "ya yi gas da kansa". Gas ɗin da ya zo da kansa shaidar barasa ce.

7. Haɗa mai zaƙi

Hanya biyu ce, kuma dukansu suna da asali a wajenmu.

Ta farko ƙonarwa. Ki zuba tataccen ruwan inabi, ja ko fari, a tukunya mai faɗi. Ki tsoma muciya a tsaye ki yi alama a inda ruwan ya kai, ki raba tsawon gida uku. Ki dafa a wuta kaɗan, ba murfi, kina kwashe kumfa, har ya sauko alamar ƙasa, wato kashi biyu sun tafi, ɗaya ya rage. Wannan ma'aunin ba sabo ba ne: a cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik an ruwaito cewa Sayyidina Umar ya halatta wa mutanen Sham ruwan inabin da aka dafa har kashi biyu cikin uku suka ƙone. Lita 3 za ta koma lita 1, mai kauri, mai ƙamshin zabibi da zuma. Yana cin gas da haƙuri, awa ɗaya zuwa biyu gwargwadon faɗin tukunya. Lita ɗayan nan kuma tana isar mutum 20, tunda ɗan kaɗan ake zubawa.

Gargaɗi: kwatan awan ƙarshe kada ki matsa daga wajen. Sukari ya taru, yana kamawa nan da nan, kuma in ya ƙone ɗacin ba ya gyaruwa. Ki tuna zai ƙara kauri in ya huce.

Ta biyu jiƙon zabibi, ita ce mai sauƙin kuɗi. Kofi ɗaya na wankakken zabibi, kofi biyu na tafasasshen ruwa, ɗan kirfa da ɓawon lemon zaƙi. In ya huce ki sa a firij ya kwana, da safe ki murtsuke ki tace.

Gargaɗi: zabibi shi kaɗai ake jiƙawa. Hadisi ya hana haɗa dabino da zabibi a jiƙo ɗaya, kuma duk wadda ta yi karatun Risala ta san an ambaci wannan, tare da hanin yin jiƙo a cikin duma. Don haka ƙwarya ba mazubin wannan aikin ba ce. Haka nan ya tabbata cewa jiƙon da ake yi wa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ba ya wuce yammacin rana ta uku. A zafinmu, in ba firij, ko kwana ɗaya kada ya wuce.

Kowacce hanya kika bi, ki ɗiga lemon tsami a ƙarshe. Zaƙin da ba tsami a bayansa yana gundura tun a kurɓi na biyu.

8. Daidaita ɗanɗano

Ki ɗebi rabin kofi, ki sanyaya shi, sannan ki ɗanɗana. Abu mai ɗumi ya fi nuna zaƙi, in kika gyara shi da zafi za ki yi mamakinsa a tebur. Ya cika zaƙi, ƙara ruwa ko lemo. Ya cika tsami, cokali ɗaya na mai zaƙin da kika ƙonar ya fi sukari. Ya yi lami, ɗan gishiri a bakin yatsu biyu. Gyara ɗaya a lokaci ɗaya, kuma a kofi tukuna kafin tukunya.

9. Kashe yis da ɗurawa

In a ranar za a shanye, kuma firij na aiki, ki tsallake wannan. In zai kwana bayan kin gama haɗa shi, dole ne.

Ki tafasa kwalabe da murafensu minti goma, ki kife su a kan tsabtataccen tire. Ki ɗora ruwan inabin a wuta har ya kai digiri 80 zuwa 85. Alamarsa: tururi na tashi sosai, 'yan ƙananan kumfa sun jeru a gefen tukunya, amma tsakiya bai fara tafasa ba. Ki riƙe shi a haka minti biyar. Ki ɗura da zafinsa a kwalba mai ɗumi, ki bar tazarar yatsa biyu a sama, ki murɗa murfi. Sannan ki shimfiɗa tsumma a gindin babbar tukunya, ki jera kwalaben, ki zuba ruwan zafi ya rufe su, su yi minti goma zuwa sha biyar yana tafasa a hankali. Da irin wannan dumamawar ne wani likitan haƙori a Amurka, Thomas Welch, ya fara adana ruwan inabi marar barasa a 1869, kuma har yau ita kamfanoni ke bi.

Farin zai ɗan rasa ɗanyen ƙamshinsa a wannan mataki. Shi ya sa na fi son a yi fari a safiyar biki, ja da mai zaƙi kuma tun jajibiri ko kafin nan.

Gargaɗi: ruwa mai zafi a kwalba mai sanyi, ko kwalba mai zafi a kan tayil, fashewa ce. Ki sauke su a kan tawul, su huce da kansu.

Da yake murafen namu sun taɓa aiki, ba a dogara da su a bar kwalba a kabad. Ki ajiye a firij ki shanye cikin mako guda. Wadda aka buɗe, kwana biyu zuwa uku. In unguwarku wuta ba ta zama, ki daskarar da shi a roba mai kyau a wajen masu ƙanƙara, ko ki cika kula da ƙanƙara kina sabuntawa.

10. Yadda ake gane ya juye

Murfi ya kumbura ko ya yi tsaki da aka buɗe. 'Yan kumfa na tasowa daga ƙasa ba tare da an girgiza ba. Wari irin na ƙullun da ya tashi. Harshe ya ji tsikari. Ɗaya daga cikin waɗannan ya isa, ba sai sun taru ba. Ki zubar.

Gargaɗi: sake tafasawa ba ta mayar da shi halal a zuciyar kowa, kuma ba ta fitar da barasa gaba ɗaya. Ƙara sukari kuwa abinci kika ƙara wa yis. Kada kuma ki ce bari a ba yara ko 'yan aiki don kada a yi asara.

11. Kai wa tebur

Fari da sanyi sosai, kai tsaye daga firij. Ja kuma ki fito da shi kamar minti goma sha biyar kafin a sha. In ya yi sanyi ƙarara ƙamshinsa na ɓuya, bauri ya fito fili. Mai zaƙi da sanyi, a ƙananan kofunan shayi na gilashi, in ya yi kauri a sirka da ruwan sanyi kaɗan.

A jere, fari ke fara zuwa, sai ja, mai zaƙi a ƙarshe. In aka fara da mai zaƙi, duk abin da ya biyo baya tsami zai yi. Saboda wannan dalilin ne ma ba na haɗa shi da alkaki ko nakiya, sun fi shi zaƙi, sai su kashe shi. Dubulan marar sukari da yawa ko cuku sun fi.

Ƙanƙara a cikin jug tana tsinka abin da kika sha wahala a kai. Ki daskarar da ruwan inabin kansa a farantin ƙanƙara, ko 'ya'yan inabi, ki jefa. A jug na gilashi za ki kai, da 'yar takarda a gaba an rubuta abin da ke ciki, don Hajiya ko Malam kada su tsaya suna kallon kofi da shakka.

Gargaɗi: inabi guda, balle daskararre, yana shaƙe ƙananan yara, kofinsu kada a sa. Masu ciwon sukari kuma a gaya musu gaskiya: rashin ƙara sukari bai hana shi zama mai sukari ba, musamman na ƙonarwa.

12. In lokaci ya ƙure, na kanti za ki saya

Kwalaben da ke kantuna iri biyu ne, kuma sun yi kama. Akwai ruwan inabi da aka sa wa gas, wanda bai taɓa zama giya ba, irin su Chamdor na Afirka ta Kudu. Akwai kuma wanda giya aka fara yi sannan aka cire barasar da inji. Irinsa wani a rubuta 0.0%, wani kuma a rubuta bai kai 0.5% ba, wato da saura. Ki juya bayan kwalba ki karanta jerin kayan haɗi, ko ki ba wanda zai karanta miki: na farkon za ki ga ruwan inabi da gas ne, na biyun za ki ga an ambaci giyar da aka cire wa barasa. Ni na farkon nake ɗauka, hankali kwance. Ki duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, ki ƙi kwalbar da ta sha rana a bakin shago.

Na kanti yawanci zaƙi ke masa yawa. Ja ki gyara shi da rabin kofin jiƙon zoɓo marar sukari a kowace kwalba, fari kuma da rabin lemon tsami, a jug, daf da za a zuba.